Motar da Bai Gani Ba

Kwana shida a mako, aikinsa shi ne zama kusa da mutanen da ke tsoron mota. Malamin tuƙi ne, yana da 'yar makarantarsa mai motoci biyu da ofis ɗaya a bayan wani gidan mai. Tun da safe zai zauna a kujerar gefe, ƙafarsa a kan birkin da aka ƙara masa a nasa ɓangaren, yana cewa, "Saki kuloci a hankali. Duba madubi. Ba gudu muke yi ba." Ya koya wa matan aure, ya koya wa 'yan kasuwa, ya koya wa tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka waiga suka ga babu sauran direban ofis. Bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba, ko da kuwa an zura masa taya a kwata. Da za a gaya wa ɗalibansa abin da yake yi ranar Asabar ɗin farkon kowane wata, da sun ce sharri ake masa.

A bayan gari akwai wani tsohon filin jirgin sama da aka daina amfani da shi. Wasu masu son mota suka haɗa ƙungiya, suka karɓi wurin, suka jera tsofaffin tayoyi a gefen kwalta, suka fitar da hanya mai kwana tara. Ba kofi ake ci ba, ba kuma 'yan kallo ke cika wurin ba. Mutane ne kamar talatin, akwai likitan haƙori, akwai mai sayar da fenti, akwai wata lauya da ke zuwa da jar motarta. Kowa ya sa hular kwano ya shiga ya yi ta zagaye har taya ta ɗau zafi. Malamin tuƙi ba shi ya fi kowa gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba, don injinsa ƙarami ne. Amma idan aka zo kwana babu mai shigarta kamarsa. Inda wasu ke taka birki tun daga nesa, shi sai ya kai bakinta sannan ya taɓa, ya karya sitiyari sau ɗaya tak, motar ta bi layi kamar da zare ake jan ta. Shi ya sa suka laƙaba masa Kwana-Kwana, alhali ko gobarar ashana bai taɓa kashewa ba.

Motar tasa tsohuwa ce, ƙarama, shuɗiya, mai ƙofa biyu. A mace ya sayo ta shekara goma sha tara da suka wuce, aka jawo ta da igiya zuwa garejin amininsa, bakaniken da kowa ke kira Sifana. Su biyun suka tayar da ita. Suka cire kujerun baya, suka yi wa cikinta ƙarafan kariya, suka sauke injin suka wanke shi noti-noti. Sifana ma yana da tasa, fara, mai salansar da ke tashin unguwa. Shekara da shekaru suna bin juna a filin nan, wani lokacin tsakanin ƙofar wannan da ta wancan bai fi tafin hannu ba, kuma ko fenti ba su taɓa goge wa juna ba. Idan suka fito sai Sifana ya cire hula yana haki ya ce, "Wallahi yau saura ƙiris in cinye ka."

"Wannan saura ƙiris ɗin ai tun kana da gashi kake faɗinsa," in ji Kwana-Kwana.

Matarsa malamar firamare ce. Gidan malamai biyu, kamar yadda 'ya'yansu ke tsokana, ɗaya na koyar da baƙi, ɗaya na koyar da ribas. Malama ta daɗe da daina faɗa a kan motar. Abu ɗaya ta kafa wa doka, kada ya kuskura ya wanke baƙin mai a inda take wanke kwanuka. 'Ya'yan duk sun kama gabansu, sai Auta kaɗai ta rage a gida, tana aiki a wani kantin magani.

Yana da shekara hamsin da shida kafaɗarsa ta hagu ta fara karo da ƙofa. Ya ce ƙofar ɗakin ce ta kumbura da damina. Ya ture kofin shayi sau biyu a mako ɗaya, ya ce Malama ce ke ajiyewa a bakin tebur. Rannan da safe wata ɗalibarsa ta taka birki da ƙarfi ba tare da ya ce mata komai ba, sai ga mai keke ya gifta ta gabansu daga hagu. Ya ce mata, "Madalla, haka ake so." Amma shi bai ga keken ba sai da ya iso tsakiyar gilashi.

Auta ce ta fara lura. Ta miƙa masa waya ta gefensa na hagu yana karanta jarida, ta tsaya hannunta a miƙe har ya gaji, bai karɓa ba. Washegari ta ɗauki rabin yini a wurin aiki ta kai shi asibitin ido.

Aka sa shi ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da babban kwano, aka ba shi wani abu a hannu, aka ce duk lokacin da ya ga ɗigon haske ya danna. Ya yi ta jira, yana zaton ba a kunna ba tukuna. Can ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ai mun yi nisa." A lokacin Auta ta fita waje amsa kiran mai kantinsu, saboda haka shi kaɗai ya shiga wurin likita. Likitar ta juya masa takarda mai da'ira biyu. Ta dama baƙi ya ci gefenta, ta hagu kuwa sauran ɗan fari ne kawai a tsakiya.

"Hawan jinin ido ne," ta ce. "Ya daɗe yana ci ta gefe ba ka sani ba, haka yake yi. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙe shi da maganin ɗigawa. Wace sana'a kake yi, Baba?"

Da ya gaya mata sai ta ajiye biro. Ta ce tuƙi ya ƙare, ba na koyarwa ba, ba na zuwa kasuwa ba, kowane iri. Ta maimaita, ta tambaye shi ko ya fahimta. Ya ce ya fahimta. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun ciki.

A waje Auta ta karɓi kwalbar maganin ta juya ta. "Baba, na san wannan. Me ta ce?"

"Ta ce farkonsa ne, an kama shi da wuri. In riƙa ɗigawa safe da yamma."

Ta yarda, don tun da take ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ba wai bai yi komai ba. Tun daga ranar bai sake zama kusa da ɗalibi ba. Ya miƙa su duka ga ɗayan malamin da ke masa aiki, ya ce bayansa ke ciwo, ya koma zaman ofis. Ya fara hawa bas zuwa aiki, wai likita ta ce ya riƙa motsa jiki. Amma Asabar ɗin farkon wata na matsowa, kuma kullum da yamma yakan tsaya a tsakar gida ya ɗaga tamfol ya kalli shuɗiyar motar. Ya riƙa gaya wa kansa cewa filin ba titi ba ne. Babu keke, babu yara, babu mai tsallakawa, kowa hanya ɗaya ya nufa. Kwana taran nan na filin ko a barci aka tashe shi zai zana su. Sau ɗaya kawai, ya yi sallama da wurin kamar mutum, idan an fito ya ja Sifana gefe ya gaya masa komai.

Ranar ta zo da rana mai kyau, babu iska. Ya roƙi mai fenti ya biyo ya tuƙa masa motar zuwa filin, da sunan ciwon bayan nan, shi ya zauna a gefe. Suna isa Sifana ya tare su da jak a hannu.

"An ce bayanka ya tsufa," ya ce. "Kawo ta nan in duba maka birki, kada ka durƙusa ka kasa tashi mu shiga uku."

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, yana 'yar waƙarsa ta cikin hanci. Kwana-Kwana na tsaye a kansa, yana kallon takalmansa da suka leƙo waje. Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ga likitan haƙori ya zo neman aron abin auna iskar taya, aka shiga wata hirar, ya haɗiye ta.

Da aka ɗaga koriyar tuta ya shiga, sai komai ya koma daidai. Ƙarar injin ta cika hular kwanon, sitiyarin na rawa a tafinsa yadda ya saba, warin taya mai zafi na shigowa ta taga. Ya shiga kwana ta farko, ta biyu, ya ji bayan motar ya ɗan zame ya kama shi da totur ba tare da ya yi tunani ba. A zagaye na uku ya wuce lauya a kwana ta bakwai, ta ɗaga masa hannu. Ya ji kansa yana dariya shi kaɗai. Har ya fara tunanin ko likitar nan ta cika tsoro ne.

A zagaye na shida farar motar ta bayyana a madubinsa. Ta yi ta girma a miƙaƙƙiyar hanya, suka shiga kwana ta farko tana manne da shi, suka fita ta biyu tana nan. Suna tunkarar ta uku, doguwar kwana mai karyawa hagu, sai ta ɓace daga madubin. Ya kai ido hagu. Kwalta ya gani, fes, babu komai a kanta. Ya taɓa birki, ya karya sitiyari.

Ƙarar ta zo masa ta ƙofarsa, kamar an buga guduma a ganga. Motarsa ta juya sau ɗaya ta tsaya tana kallon inda ta fito. Ta cikin hayaƙi ya hango farar motar ta daki jerin tayoyi, ta ɗaga, ta faɗi a kan gefenta. Ana ta kaɗa jar tuta. Bai san lokacin da ya kwance bel ya fita ba, sai dai ya gan shi a durƙushe yana leƙa ta fasasshen gilashi.

Sifana na rataye a jikin bel, idonsa biyu. Hannunsa na dama ya maƙale tsakanin sitiyari da ƙarfen da ya lanƙwasa. "Kada ku ja ni," yake cewa. "Hannuna. Ku yanko ƙarfen tukuna."

Aka yi masa aiki sau biyu, aka sa ƙarafa a wuyan hannun. Likitoci suka ce ƙashi zai haɗe, amma jijiyar yatsu sai yadda hali ya yi. 'Yan ƙungiya suka yi ta zuwa dubiya, kowa na cewa tsautsayi ne, abin da ke faruwa ne a wasan. Sifana da kansa yake tare musu magana. "Ni na yi garaje," yake cewa. "Na kutsa inda babu hanya. Mutumin nan shekara ashirin bai taɓa rufe mini ƙofa ba."

Kwana-Kwana na zuwa kullum da la'asar. Matar Sifana ta riƙa tashi ta ba shi kujera, tana cewa, "Yaya, Allah ya bar zumunci. Ko 'yan'uwansa na ciki ɗaya ba su yi zaryar da kake yi ba." Yakan sunkuyar da kai ya ce ba komai. A gida abinci ya daina wuce masa. Malama ta zaci firgicin hatsarin ne, ta riƙa lallaɓa shi kamar ɗan aji ɗaya.

A rana ta goma sha ɗaya bayan hatsarin ya tarar da Sifana shi kaɗai, an jingina shi da matashi, hannun a ɗaure a ƙirjinsa. Ya rame, gemu ya fito masa fari. Suka gaisa. Can Sifana ya ce, "Ka san abin da ke damuna? Ba ciwon ba ne. Na juya abin nan ya fi sau ɗari. A idona na kai ƙofarka, har ina ganin hularka ta taga. Kuma na san in na kai ƙofarka kana bar mini layi. To ka ga ke nan ban kai ba, idona ne ya yi mini ƙarya. Tsufa ne, mutumina. Na fara ganin abu ba daidai ba. Da na kashe ka fa?"

Kwana-Kwana ya matso kusa da gadon. Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da takardar, duk ta yi laushi don ninki.

"Ka kai," ya ce. "Idonka lafiyarsa lau. Ni ne ban gan ka ba."

Ya buɗe takardar a kan bargo, ya nuna masa da'irar hagu, ya faɗa masa abin da likita ta ce, kalma bayan kalma, bai rage komai ba. Sifana ya daɗe yana kallon baƙin nan.

"Yaushe aka ba ka wannan?"

"Mako uku kafin ranar."

"Mako uku." Sifana ya juyar da kai wajen taga. Wata ma'aikaciyar jinya ta turo keken magani ta wuce, ƙafarsa ɗaya na ƙara. "Da safiyar ranar ni na shiga ƙarƙashin motarka. Kana tsaye a kaina. Bakinka ciwo yake yi?"

"Na yi niyyar in gaya maka in an fito. Na so ne in yi na ƙarshe."

"To ka yi. Ni ma ka yi mini nawa."

Kwana-Kwana ya buɗe baki zai nemi gafara, Sifana ya ɗaga lafiyayyen hannun. "Ɗauki takardarka. Tashi ka tafi, matata na hanya. Ba na so ta same ka da wannan fuskar ta tambaye ni."

Ya hau bas ya koma gida. Ya tarar da Malama tana duba littattafan 'yan ajinta a falo, Auta na guga. Ya ajiye makullan motar da lasisinsa da takardar a kan tebur, ya zauna ya faɗa musu. Auta ta kashe dutsen guga ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Na ga maganin, Baba. Na san ba a ba da irin wannan a farkon ciwo. Na sani, na ƙi bin zancen don kai ka faɗa." Ya ce mata babu laifinta ko ƙwaya ɗaya, amma ba ta daina ba. Malama ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin da ke hannunta, ta cire tabarau, ta dube shi.

"Malam, shekara talatin da ɗaya," ta ce. "Idonka na tafiya, ni ina ajiye maka kofi kana cewa ni ce ban iya ajiya ba."

Ta tashi ta kwashe makullan ta shige ɗaki. Sai da ta yi kwana biyu ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. A na uku ita ta karɓi kwalbar maganin, ta ce ya ɗaga kai, ta ɗiga masa, ta share masa gefen ido da bakin mayafinta.

Sifana bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Kwana-Kwana ne ya sa Auta ta kai shi taron ƙungiya na ƙarshen wata, ya miƙe a gaban mutum talatin ya faɗi abin da ya yi. Babu wanda ya zage shi. Ya fi son a zage shi. Mai fenti, wanda ya tuƙa shi zuwa filin a ranar, ya tashi ya fita bai dawo ba. Lauya ce kaɗai ta raka shi har mota, ta buɗe masa ƙofa.

Makarantar ta koma hannun ɗayan malamin. Shi kuma aka bar masa safiya biyu a mako yana koyar da alamomin hanya a jikin allo. Daga bakin mutane yake jin labarin Sifana. An sallame shi, ƙashi ya haɗe, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasawa, hannun ba ya damƙar komai da ƙarfi. Yana zuwa gareji ya tsaya yana nuna wa ma'aikatansa da baki. Farar motar an sayar wa masu ƙarfe. Kwana-Kwana ya kira shi sau huɗu ba a ɗauka ba, ya daina.

Shuɗiyar motar na nan a tsakar gida, ƙofarta ta hagu a lotse. Duk Lahadi da hantsi yakan roƙi Malama makulli, ya ɗaga tamfol, ya shiga ya tayar da injin don kada batir ya mutu. Sai ya zauna hannunsa biyu a kan sitiyari, giya a sake, har injin ya ɗumama, sannan ya kashe ya mayar mata da makullin. Wata biyar yana haka. Wata Lahadi ya daɗe bai fito ba, Malama ta leƙa ta gan shi ya kifa goshi a kan sitiyarin. Da ya fito ya ce mata, "Ki kira lauya ta nemo wanda zai ɗauke ta. Zama yana kashe mota."

Bayan mako biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Wata matashiya ce, injiniyar ruwa, sabuwar shiga ƙungiya. A bayanta Sifana na tsaye, hannunsa na dama a cikin aljihu.

"Ita ta ce in zo in duba mata," ya ce, ba tare da ya dubi mai gidan ba. "Na ce mata babu abin dubawa, ni na haɗa ta. Ta nace."

Aka janye tamfol. Sifana ya zagaya motar, ya tsaya a wurin lotsewar, ya wuce. Ya je gaba ya sa hannun dama a ƙarƙashin bonet don ya danne ɗan ƙarfen da ke sakinsa, kamar yadda ya yi sau dubu. Yatsun suka zame. Ya sake gwadawa, suka sake zamewa. Matashiyar ta kawar da kai tana duba taya. Kwana-Kwana ya matso ya laluba ya danne, ya ɗaga bonet ɗin ya tokare shi. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon injin.

"Ka canza mata baƙin mai?" in ji Sifana.

"Watan jiya."

"Kai da kanka?"

"Da lalube."

Sifana ya jawo ma'aunin mai da hannun hagu, ya duba, ya mayar. Ya gaya wa matashiyar ta canza tayoyin gaba, ta kuma kula da giya ta biyu, tana da taurin kai in injin bai yi zafi ba. Malama ta kawo makulli ta ba ta. Ta shiga, ta tayar, ta zo fita ƙofar gida motar ta mutu a hannunta. Ta sake tayarwa, kunya ta kama ta, ta fita a hankali. Ana jin ƙarar har ta kai ƙarshen layi ta karya.

Sifana bai bi ta ba, ya ce zai hau bas. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tabon mai a inda motar ta saba tsayawa.

"An ce ka je ka tona wa kanka asiri a taro."

"Na je."

"Ban sa ka ba."

"Na sani."

"Kuma ban huce ba. Kada ka ga na shigo gidanka ka zaci wani abu. Da safe in na zo ɓalla maɓallin riga sai na tuna da kai." Ya juyo ya dube shi. "Ina dai ƙoƙari. Ya idon?"

"Kamar mai leƙe ta bututu. Na daman ma ya fara bi."

Sifana ya gyaɗa kai. Ya miƙo hannun hagu, suka gaisa a karkace, ya tafi.

Ba su koma yadda suke ba. Filin jirgin babu wanda ya sake taka shi a cikinsu. Sai dai ya zamana ranar da ake duba idon Kwana-Kwana ita ce ranar da Sifana ke zuwa gashin hannu a asibiti ɗaya, kuma akwai wani dogon benci a tsakanin sassan biyu. Nan suke haɗuwa sau ɗaya a wata. Sifana yakan ba shi labarin motocin da aka kawo gareji, wane ya ƙona inji, wance ta sayi ruɓaɓɓiya an cuce ta. Wani lokacin har su yi dariya. Wani lokacin kuma Sifana ya zo fuska a ɗaure, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin yana murza yatsunsa, gaisuwa kawai ta haɗa su har a kira lambar ɗayansu. Kwana ta uku ba ta taɓa shigowa hirarsu ba.

A zuwansu na ƙarshen shekara likita ta ce idon hagu ya rufe gaba ɗaya, ta ƙara masa wani maganin a kan na da. Da ya fito ya tarar Sifana bai tafi ba, yana zaune da katinsa a hannu ko da yake an gama da shi tuntuni. Ya gaya masa. Sifana ya ce, "Allah ya tsayar nan." Suka zauna har Auta ta iso daga wurin aiki. Ta gaishe da Sifana, ta ce, "Kawu, mu sauke ka a gareji mana, hanya ce." Ya ce a'a, yana da inda zai biya. Ta kama hannun mahaifinta suka nufi ƙofa, tana gaya masa akwai matakala uku a gaba.